Wanda Ya Ce Gogo Ta Warke

Shagamu,
Watan Muharram.

Zuwa ga Uwata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya Dutsin-Ma, ya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa ta hagu da ke tuna mani shekaruna duk lokacin da hadari ya haɗo. Iyali duk suna gaishe ki. In kin je Rawayau ki gaishe da mahaifiyarki Batula, ki kuma durƙusa ki gaishe mani da Gogo da kyau, ta wajen kunnen dama, shi ne mai ɗan ji.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Hudu direba, mai kawo wake nan ya koma da goro, shi zai miƙa maki ita a tasha. Da gangan na koma biro. Tun da aka gaya mani abin da kike yi da maganganunmu na guruf ɗin gida a Wasaf, na ce to, waya ba ta ƙara kai maki maganata mai nauyi. Na san kin nemi izini, na kuma san ni na fara cewa an yarda. Amma ni na ɗauka tarihin kakanmu Malam Ashafa za ki rubuta, yadda ya sari daji ya kafa gida. Ashe zama kika yi kina tsintar kalmomin bakinmu kamar mai tsince tsakuwa a wake: wa ya ce tabbas, wa ya ce ƙila, wa ya ce an ce, wa ya ce Allah ne masani. Har an ce ni ne na ɗaya a tabbas da ko shakka babu. To madalla. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare a Kurfi, yau ga ni na zo na ɗaya a jami'a.

Bari in gaya maki inda tabbas ɗina ya samo asali, ki ƙara a aikin naki. Na sauka garin nan da riga ɗaya a jikina, ban san kowa ba. Na riƙe wa wani Bayarabe ƙarfe yana walda har idanuna suka riƙa zubar da ruwa kamar mai yankan albasa. Babu wanda ya ɗaga ni sai Allah. Yau in aka ce tanki ko ƙofa aikin Sabitu ne, mai saye ba ya ƙwanƙwasawa ya ji. Mai walda ba ya cewa ƙila, Uwata. In mutum ya ce maka tankin nan zai yi yoyo, ka ce mashi ƙila, shagon gaba zai wuce.

Kuma mu a zamaninmu magana tana da nauyi saboda da ƙafa take zuwa. Ranar da mahaifiyata ta rasu, wadda kika ci sunanta, wani ya taka keke tun daga Rawayau har makarantarmu, ya tsaya a bakin aji ya cire hula. Daga ranar Gogo ta ɗauke ni da mahaifinki Usaini, Allah ya jiƙansa, ta haɗa da nata, ba ta taɓa bari mun san bambancin uwa da ƙanwar uba ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin kwaɗon tafasarta, da ƙarar taɓaryarta da ke tashin unguwa kafin zakara ya gama shawara. Lokacin da ake gina Zobe mu muke tafiya kallon manyan motoci, mu dawo fururu da ƙura, ta tare mu a ƙofa da tsintsiya. Yanzu kuwa kowa ya latsa ɗan hoton yatsa, an gama gaisuwa.

Maganar Gogo kuwa, alhamdu lillahi. Na ga hoton da aka sa bayan an sallamo ta daga asibiti, tana zaune a tabarma da ƙwaryar fura a gabanta. Shi ya sa na rubuta abin da na rubuta, cewa tabbas Gogo ta warke, kowa ya kwantar da hankalinsa, kada a ƙara tayar wa mutane da hankali da maganar ciwo. Kin ga kuwa tun daga nan guruf ya zauna lafiya. Ina da babban aiki a hannu, ƙofofi da tagogin wata makaranta. In na gama, da kaka, zan zo in yi kwanaki, mu ci sabon gero tare da ita.

Ki riƙe karatu. Ki daina ƙirga ni.

Babanki,
Alhaji Sabitu mai walda.

*

Dutsin-Ma,
Ƙarshen Muharram.

Zuwa ga Baba Alhaji,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da su Hajiya da ƙannena. Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu ma lafiya, ruwa ya zauna sosai, har ana cewa Zobe ta kusa cika. Wasiƙarka ta iso tana ƙamshin goro. Na karanta ta a ɗaki, abokan kwanana suna tambaya wai wa ke rubuta wa mutum takarda a wannan zamani.

Baba, ka yi haƙuri in abin ya ɓata maka rai. Ba aibin kowa nake nema ba, kuma babu sunan kowa a aikin. Abin da malamarmu ta sa ni dubawa shi ne yadda mutum ke nuna iyakar tabbacinsa, da inda zuciyarsa ta karkata, a wurin da ba a ganin fuskarsa, ba a jin muryarsa. A zaure, in mutum ya ce da sauƙi, ana duban idonsa a gane wane irin sauƙi. A waya duk da sauƙi kamarsu ɗaya.

Akwai abin da na lura da shi, ba a guruf ɗinmu kaɗai ba, har da na 'yan kasuwa da na wata unguwa da suka ba ni izini. In wani abu ya faru, waɗanda ke nesa da shi su suka fi cewa tabbas da wallahi. Waɗanda abin ke gabansu gajeruwar magana suke yi, muna dai addu'a, Allah ya sa, ko su yi shiru. Ban gama fahimtar dalili ba tukuna.

Na je gida ranar Juma'a. Na isar da gaisuwarka ta kunnen dama kamar yadda ka ce. Gogo ta tambaya ko gero ya fara fitar da kai, aka ce mata da saura. Ta sa Innata ta sauko da ƙoren nan nata na kan randa, ta raba wa jikoki, ni ta ba ni ludayin duma. Ta yi ta maganarka, har ta ba mu labarin ranar da ka faɗa rijiyar lambu. Sau da yawa in ta ji ƙarar babur a waje sai ta ce a duba ko baƙo ne.

Baba, in da hali, da an matso da zuwan nan kaɗan. Gogo za ta ji daɗi.

Ɗiyarka,
Sadiya.

*

Shagamu,
Watan Safar.

Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, na samu wani man zafi wajen mutanen Ijebu. Aiki ya kankama, mun gama tagogi, saura manyan ƙofofi.

Na karanta takardarki har sau biyu, kuma na gane inda kika dosa. Wato mu na nesa mu ne masu surutu, ba mu san komai ba. To ki sani, nisan da na yi ba yawon banza na fito ba. Kuma duk nisana, babu mai gaya mani wace ce Gogo. Ina nan a gona maciji ya sare ta a ƙafa, ta yage bakin zanenta ta ɗaure, ta ƙarasa kunyar da take nomewa kafin ta yarda a kai ta wajen mai magani. Shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, ita ta riƙa bin gidaje tana wanke marasa lafiya, ya kama ta, mutane suka fara taruwa a zaure, da safe sai ga ta tana shara tana tambayar wa ya mutu. Wannan matar ce za ki koya mani karanta ta da ludayin duma? Rabon ƙore kuwa ba yau ta fara ba. Duk lokacin da ta ji haushin wani sai ta raba kayanta, in ta huce ta aika a karɓo.

Ban tsaya a kan ra'ayina ni kaɗai ba. Koma ki duba guruf ɗin, tunda duba shi ne aikinki. Da na ce ta warke, akwai wanda ya ce a'a? Daga na Kano har na Kurfi, kowa haka ne Alhaji, alhamdu lillahi, sai hannuwan addu'a da yatsu. Na kuma kira mahaifiyarki da kaina, na ce Batula, jikin Gogo ya yi kyau ko? Ta ce da sauƙi, Alhaji. Na ce tana cin abinci ko? Ta ce ana dai ba ta. To me kuma ake nema? Da Gogo na jin waya da na sa ta gaya maki da bakinta.

Abin da na gane shi ne kewa ke damunta, da zaman ɗaki. Saboda haka na ajiye aikin mutane na yini guda na ƙera mata kujera da hannuna, ban bari yara sun taɓa ba. Mai hannuwa ce, gajera daidai tsayinta, na sa katifa a mazauni da baya. Hudu zai taho da ita. A ajiye mata a gindin bishiyar bedin tsakar gida, inda take zama tana tsinkar zogale tana yi wa duk mai wucewa faɗa. In na zo da kaka, a nan nake so in same ta.

Ban yi fushi ba. Amma karatu bai kamata ya sa ki riƙa ganin ciwo inda babu ba.

Babanki,
Alhaji Sabitu.

*

Rawayau,
Watan Rabi'ul Awwal.

Baba Alhaji,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, motar Hudu ta lalace a hanya ta daɗe, sai shekaranjiya wasiƙarka da kujera suka iso. Ka kuma yi haƙuri da na karya dokarka. Wannan takardar ba za ta jira Hudu ba, hotonta zan ɗauka in turo maka a waya yanzu.

Kujerar ta yi kyau, kowa ya yaba. Tana gindin bedi. Gogo ba ta gan ta ba, domin tun da aka dawo da ita daga asibiti ba ta fito tsakar gida ba.

Na koma na duba guruf kamar yadda ka ce. Kafin ranar da ka rubuta cewa Gogo ta warke, kullum da safe Inna tana sa saƙon murya, ta ce yau Gogo ta sha kunu, yau ba ta sha ba, yau ta kwana da zazzaɓi. Daga ranar ba ta ƙara ba. Babu wanda ya ƙara. Baba, kai ne babba a gidan nan yanzu. Guruf ɗin nan kuwa zaure ne, akwai 'ya'yanka a ciki, akwai surukai. Wa zai tashi a gabansu ya ce Alhaji ba haka ba ne? Da ka kira Inna, ba tambayarta ka yi ba, ka faɗi amsar ne ka ce ko. Matar yayanka ce, ba ta taɓa musa maka ba, ba a kan wannan za ta fara ba. Haka ne ɗin da ka gani maganarka ce take dawo maka. Ni ma ina cikin waɗanda suka sa yatsa.

Hoton nan na Gogo da ƙwaryar fura, ni na ɗauka. Inna tana bayan Gogo ta tokare ta da kafaɗa, na yanke ta daga hoton saboda ba ta sa mayafi ba. Furar ba a sha ba. Asibiti kuma ba don ta warke suka sallame ta ba, cewa suka yi a kai ta gida a kula da ita. Na kira ka sau biyu in faɗa, ka yi ta ba ni labarin ƙofofi, na ce to Baba, na kashe. A waccan wasiƙar ma kewaye-kewaye na yi, irin wanda aka koya mana.

Tun ina cikin zanen goyo ba ka taɓa kiran sunana gatsau ba, Uwata kake cewa. In na zo gaishe ka kai kake cewa in zauna a kan kujera. To yau ba ɗiyar Usaini ce ke rubutu ba. Uwarka ce. Sabitu, ka ajiye ƙarfen nan ka taho gida. Gogo ba za ta jira gero ba.

Halimatussa'adiyya.

*

Rawayau,
Rabi'ul Awwal.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma Dutsin-Ma lafiya, kuma jarrabawa tana zuwa da sauƙi. Mun yi saɓani, an ce kin tafi da safe, ni na iso bayan la'asar. Wani mai babur da zai shiga gari zai kawo maki wannan.

Rabon da wani ya kira ni Sabitu haka kai tsaye, ya ba ni umarni, tun Usaini na da rai. Ina tsakiyar shago takardarki ta shigo. Na karanta a tsaye, na cire gilashin walda na ba babban yarona mabuɗi. Masu makaranta sun yi ta kira, na ce ƙofa ba ta gudu.

Garin ya canza mani. Kukar da muke hutawa a hanyar Kurfi babu ita, an yi shagon cajin waya a wurin. Amma ƙamshin ƙasar bayan ruwa yana nan yadda na bar shi, gero kuma ya yi kai, ya fara sunkuyawa.

Na shiga ɗakin. Ba zan kwatanta maki ba, kin riga ni gani. Matar da ke ɗaukar dami biyu a ka, yau bargo ya fi ta nauyi. Na durƙusa ta kunnen dama na yi sallama. Ta ce wane ne. Na ce Sabitu ne. Ta ce Sabitu sai da kaka, haka aka ce. Sai ta lalubo hannuna, ta bi tabon ƙunar walda da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe, sannan ta ce a kawo wa yaron nan ruwa, ya sha hanya.

Da ta ɗan huta sai ta ce, "An ce ka ce na warke."

Na ce, "Na faɗa, Gogo."

Ta ce, "Kai tun kana ƙarami haka kake. In ka leƙa sama ka ce yau ba ruwa, sai in tashi in kwashe shanya."

Mahaifiyarki ta juya fuska bango tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ni ma na yi dariyar. Na gaya wa Gogo na ƙera mata kujera. Ta tambaya ko mai ƙarfi ce, na ce ko shakka babu. Ta ce to in zauna a kai a bakin ƙofa inda za ta riƙa jin tarina. An ɗauko kujerar daga gindin bedi. A kanta nake rubuta maki wannan. Ta yi mani gajarta, gwiwa tana ƙorafi, amma walda ce ta gaske, ba ta motsi.

Ban ce duk abin da kika rubuta daidai ne ba. Har gobe mai walda ba ya cewa ƙila, kuma in kin tashi yin gida, wajena za ki zo. Amma ga wani abu da ya faru, ki yi yadda kika ga dama da shi. Da aka ji na iso, guruf ya cika da tambaya, na Kano, na Abuja, har da 'ya'yana: Alhaji ya jikin Gogo? Kowa yana jirana. Na ɗauki waya. Ina jin numfashinta ta bayan labule, yana tafiya yana tsayawa. Na rubuta ta warke, na goge. Na so in rubuta ɗayar maganar, hannuna ya ƙi. Wayar ta daɗe a hannuna har ta mutu na sake kunna ta. Abin da na iya turawa shi ne, muna dai addu'a, duk mai hali ya zo.

Ba a jima ba sai ga saƙon muryar Batula ya biyo baya, daga cikin ɗaki, taku kaɗan daga inda nake. Ta ce yau Gogo ta sha kunu cokali kaɗan, ta kuma yi magana.

In za ki sa nawa a aikinki, ki sa. Ba sai kin ɓoye suna ba. Sai dai ki rubuta a gefe cewa mai maganar yana zaune a bakin ƙofar Gogo lokacin da ya faɗa.

Gogo ta tambaye ki ɗazu, ta ce ina mai ludayi. Ranar da kika ajiye biron jarrabawa ki hau babur ki taho, kada ki tsaya wanki. Ban san ko za ki same ta ba. Allah ya sa.

Ɗanki,
Sabitu.